Taken Mutanen Ƙetaren Kogi

Shin mutum zai iya yin fushi da ƙasa guda, mai mutum miliyan ɗari uku da 'yan kai, ba tare da fushin ya sauka kan ko ɗaya daga cikinsu ba? In kuwa dole sai ya sauka kan wani, kan wa ya kamata? Lorne Thibodeau ya yi sati uku yana juya tambayar nan, mai ba da labarin shi ma bai san amsarta ba.

Shekara ashirin da shida ke nan Lorne yana rera taken ƙasa a filin hokin ƙanƙara na Port Ellery, wani gari a Kanada. Duk watan Fabrairu tsofaffin 'yan wasan Marlow, garin Amurka da ke ƙetaren kogi, sukan haye gada su kara da tsofaffin Port Ellery. Kafin a fara, Lorne yakan tsaya kan jan kafet a tsakiyar ƙanƙara ya rera taken baƙi, sannan na gida. Mai tsaron ragar Marlow kuwa, Vern Kowalczyk, amininsa ne na shekara talatin. Tare suke kamun kifi, kuma Vern ne ya riƙe masa hannu ranar da aka binne mahaifinsa.

Bana sai gwamnatin can ta ɗora haraji kan kayan Kanada, aka kuma shiga raha a talabijin cewa Kanada ta zo ta zama jihar Amurka ta hamsin da ɗaya. Masana'antar garin, mai ƙera maɗaurin ƙofar mota, ta mayar da Dale, ɗan Lorne, aikin kwana uku a sati. A shagon kofi, gaban mutum tara, Lorne ya ajiye kofinsa ya ce bana bakinsa ba zai rera taken Amurka ba.

Murray, mai kula da filin wasan, ya ce, "To rubuto mini a takarda, don gobe kada ka ce kofi ne ya yi magana."

A gida matarsa Noreen ta karanta takardar da gilashinta a ƙarshen hanci.

"Ranka ya daɗe, wannan takardar ƙin aiki ce ko ta neman gafara?"

"Ta ƙin aiki ce."

"Ka ce 'a yi haƙuri' sau bakwai. Har Murray ka ba haƙuri kan ɓata masa lokacin karatu."

"Ladabi daban, matsayi daban."

"Jiya a kanti ma na gan ka. Ka kifa gwangwanin miyar Amurka don kada mutane su saya, sannan ka ce wa gwangwanin ya yi haƙuri."

"Hannuna ne ya buge na kusa da shi."

Abin da ya fi damun Lorne shi ne duk inda ya kai fushin, sai ya tarar da ɗan'uwansa zaune a wurin. Ya daina shan ruwan lemon can, ya koma na tuffa, sai ya ga kwalbar ma a can aka yi ta. Ya bar ƙungiyar hokin Amurka da yake goyon baya tun yana yaro, ya koma wata ta gida, sai ya lura kyaftin ɗinta Ba'amurke ne, ita kuwa wadda ya bari rabin 'yan wasanta yaran lardin Saskatchewan na Kanada ne. Ya zauna gaban talabijin da hular sabuwar ƙungiya, zuciyarsa tana tsalle duk sanda tsohuwar ta ci.

Noreen ta ce, "Ka kira Vern ka gaya masa da bakinka."

"Ba da Vern nake ba."

"To da wa kake? Shi ne dai zai tsaya a gabanka ranar Asabar, ba mutanen talabijin ba."

Bai kira ba. Vern ma bai kira ba, wanda da can ko kifi ya gani a mafarki sai ya bugo waya.  Lorne ya san in Asabar ta wuce a haka, bana ba za su shiga kwalekwale ɗaya ba, wataƙila har abada.

Ranar Asabar da ƙarfe biyu filin ya cika, kowa da jar riga, launin tutar Kanada. Lorne yana bakin ƙofar shiga ƙanƙara sanye da kwat ɗinsa, yana jiran a zo kan taken gida, sai ga Vern ya taho cikin kayan tsaron raga, yana tafiya kamar firij mai ƙafa.

"Tsoho," in ji Vern.

"Tsoho."

"An ce maƙogwaronka ya shiga yajin aiki."

"Rabinsa. Ka yi haƙuri, Vern. Yaron nan Dale sun mayar da shi kwana uku."

"Ni sun mayar da ni kwana babu. Maɗaurin ƙofar da kuke ƙerawa wa kake tsammani ke ɗaura shi? Tun da ya daina hayowa muke gida muna kallon matanmu."

Lorne ya sake cewa "ka yi haƙuri", karo na biyu cikin minti ɗaya. Murray ya iso da wayarsa, ya ce ya samo taken Amurka da wata ƙungiyar makaɗan soja ta buga, zai sa a lasifika.

Vern ya ce, "Ba a taɓa tarbar mu da waya a garin nan ba. In babu mai yi mana, ni zan yi."

"Ka iya waƙa?"

"A banɗaki babu wanda ya taɓa kai ƙara."

Ya karɓe makirfo ya zame zuwa kan jan kafet. Daga kujerun sama aka fara gunaguni, don wasu sun zo da shirin yin ihu su danne taken, kamar yadda suka ga ana yi a manyan filaye. Vern ya cire hular ƙarfensa, ya dafa ƙirji, ya ja numfashi ya ɗauko.

Tun a sautin farko Lorne ya gane akwai matsala. Duk wanda ya taɓa rera taken nan ya san sirrinsa ɗaya ne: a fara shi daga can ƙasa, kamar mai magana cikin rijiya, domin tsakiyarsa hawa ce, kusa da ƙarshe kuma akwai wani tsauni da ko ƙwararru ke addu'a kafin su kai. Vern ya fara daga inda ya kamata ya ƙare.

Layi biyu na farko ya wuce lafiya. Masu shirin ihu suka yi 'yar ƙara, sannan suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, domin su ma sun gane inda tafiyar ta nufa. Da aka zo hawan farko, jijiyoyin wuyan Vern suka miƙe, muryarsa ta koma irin ta ƙofar gareji. Wata tsohuwa a layin gaba ta rufe fuska da safar hannu. 'Yan wasan Marlow suka duƙufa kallon takalmansu.

Noreen, wadda ke tsaye bayan Lorne, ta ce a hankali, "Saura layi nawa ya kai tsaunin nan?"

"Uku."

"Zai kai?"

"Ko da tsani ba zai kai ba."

Lorne ya dubi kujerun sama, inda mutum taran nan na shagon kofi ke zaune a jere. Ya dubi Murray, wanda takardar ke cikin aljihunsa. Ya yi ƙoƙarin tuna harajin, da kwana ukun Dale, da rahar jiha ta hamsin da ɗaya, duk kuma yana nan, ba abin da ya ragu. Amma ba gwamnati ce ke tsaye kan kafet ba. Wani tsoho ne mai sanƙo, ɗan shekara sittin da huɗu, da ba shi da aiki, yana nutsewa a gaban mutum ɗari shida. Muryar Vern ta tsage, ta dawo, ta sake tsagewa, sai ta tsaya cak. Filin ya yi tsit, ana jin injin sanyaya ƙanƙara yana gurnani.

Lorne ya taka ƙanƙara da takalmin coci. Ya zame sau biyu, ya kama rigar alƙalin wasa ya ba shi haƙuri, ya isa kafet.

Vern ya rufe makirfo da tafin hannu. "Ina ce kana yajin aiki."

"Ina yi. Ba ƙasarku na zo ceta ba, waƙar na zo ceta. Wa ya ce ka fara daga kan rufi?"

"A banɗaki daga nan nake farawa."

"Kawo nan. Ka bi ni a hankali, in mun zo tsaunin ka motsa baki kawai."

Ya karɓi makirfo, ya juya ga jama'a ya ce su yi haƙuri, za a sake daga farko. Vern ya ɗora masa ƙatuwar safar hannunsa ta tsaron raga a kafaɗa. Lorne ya gyara tsayuwa, ya nemo sautin can ƙasan ƙirjinsa, ya fara.