Kwanciyar da Kadijatu Ta Iya

Tun damina idon ɗiyata Kadijatu na hagu yake zamewa waje, kamar tana kallon wani a gefe. Likita a garin Isa ya ce sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta a Sakkwato, a ga ko wani abu ke jan idon daga ciki.

Daga Gatawa muka taso da yayana Is'haƙa, motarmu na bin bayan ta sojoji. Mun iso ƙafafuna sun kumbura. Is'haƙa ya ce ko an samu hoton ko ba a samu ba, shi ba ya sake biyo hanyar nan da yarinya.

Mai ɗaukar hoton, Malam Halliru, ya dube ta ya girgiza kai.

"Irin waɗannan ba su kwanciya. In ta motsa hoto ya ɓaci, mai allurar barci kuwa sai wani mako."

"Wagga?" in ji Is'haƙa. "Ko abinci a tsaye take ci. Da dai uwar za ka ɗauka, ita ko magana ba ta yi."

Na sunkuyar da kai. Aka cire wa Kadijatu 'yan kunne, aka toshe kunnuwan da auduga, aka kwantar da ita a kan gado, gadon ya ja ta cikin bakin na'urar ɗaukar hoton. Aka bar ni in riƙe mata ƙafa.

Sai abin ya fara bugawa, ta-ta-ta-ta, babu tsayawa. Na ji yatsun Kadijatu sun ƙame a hannuna, daga nan ta lafe. Ko numfashinta ba na gani. Haka muka koya wa yaranmu su yi a cikin gero idan 'yan bindiga sun shigo gari.

Da ƙarar ta mutu Malam Halliru ya shigo da fara'a.

"Hoto ya fito tas! Tashi, 'yan mata, an gama."

Ba ta motsa ba. Ya sake faɗa, ya taɓa kafaɗarta. Shiru. Na duƙa, na zare audugar, na raɗa mata, "Sun tafi."

Sannan ta buɗe ido, ɗaya a kaina, ɗaya a bango.

"Inna, Kawu ya tsira?"

"Yana waje, yana cin gyaɗa."

"Wa ya koya mata kwanciya haka?" in ji Malam Halliru. "Za ni so ya koya wa nawa."

Na goya ta, na ce mun gode.