Kitson Ɓeran Masar

Mashacin ya tsaya cak a gefen cinyar Lulu, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Iyatu ta sa yatsa ta lalubo wurin, ta ji gashin ya dunƙule ya yi tauri kamar tsohon soso, fitsari da ciyawa sun haɗu sun manne shi har jikin fata. Ta ɗago ɗayar, Sukkar, ta juya ta. Ita ma haka, sai dai nata da sauƙi.

Ɓerayen Masar ne guda biyu, irin masu dogon gashin nan da ke jan ƙasa kamar gemun masara, ba ka gane kai da gindi sai sun motsa. Na Haifa ne, 'yar autan Majid, mai gidan da Iyatu ke wa aiki a unguwar Aziziyya ta Makka shekara goma sha ɗaya ke nan. Ɗaki guda aka ware musu, na'urar sanyi tana aiki dare da rana, don an ce zafin Makka kashe su yake yi. Ciyawarsu busasshiya daga Jidda ake kawo ta cikin leda mai rubutu. Iyatu ce ke shace su kullum safe, ta fara daga bakin gashi ta hau zuwa tushe, ta rage na wajen gindi da almakashi don kada ya jiƙe, ta sauya shimfiɗa, ta yanka musu tattasai da kokwamba. Wanka sai wata-wata, da ruwan ɗumi, a busar da su sarai kafin a ajiye. Duk wannan Haifa ce, yarinya mai shekara goma sha tara, ta koya mata daga cikin waya, tana yi tana ɗaga murya da Larabci kamar mai magana da kurma.

Kwana huɗu ke nan Haifa da uwarta suna Jidda. Kwana uku daga ciki Majid ya tura Iyatu wanke benen da yake ba masu Umara haya, hawa biyar, ba ta dawowa sai ƙafafunta sun kumbura. Ta dai ba dabbobin abinci da ruwa, mashaci kuwa bai taɓa jikinsu ba. Yau bayan azahar za a dawo. Kuma Haifa ta faɗa tun ranar farko, ta maimaita da ɗan guntun Hausar da ya rage a bakinta: gashin gefe ba a yanke shi. Shekara biyu tana tara shi.

Igamar Iyatu, takardar zamanta a ƙasar, saura kwana tara ta ƙare. Majid bai ce komai a kai ba. Matarsa ce ta yi magana, a gaban Iyatu, tana waya da ƙawarta, wai tsohuwa ta fara nauyin jiki, ai ana samun yara masu jini a jika daga wasu ƙasashe. Idan mai gida bai sabunta takarda ba, to jirgi ne, fita ba dawowa. Maraɗi kuwa ba abin da ya rage mata a can, gidan ya koma hannun 'ya'yan ƙanen miji, sa'o'inta rabi sun mutu. Sada, mijinta, yana kwance a maƙabartar Shara'i. A Harami aka yi masa salla, dubban mutanen da ba su san sunansa ba suka tsaya a kansa. Abin da Iyatu take so ke nan ita ma. Ba ta nemi abin da ya wuce wannan a wurin kowa ba.

Ta kalli almakashin, ta ture shi gefe.

Kafin ta zo ƙasar nan makitsiya ce, kuma ba ƙarama ba. Daga unguwanni uku mata ke zuwa su zauna a tabarmarta tun hantsi, su jira layi, ba mai ƙorafi. An kawo mata kan mai jego da ya yi wata biyu ba a tsefe ba, an kawo mata kan mahaukaciyar da ta warke, bai taɓa kai ta ga aska ba. Yanzu za ta tsaya ɓera ya gagare ta? Ta hau ɗakinta na saman soro, inda fanka ke juya iska mai zafi, ta buɗe jakar da ke ƙarƙashin gado ta ɗauko gwangwanin man kaɗe da tsinken ƙarfe na kitso wanda uwarta ta bar mata.

Ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, ta ɗora Lulu a cinya. Ta murza man a tafin hannu har ya narke, ta shafa a dunƙulen, ta bar shi ya sha. Sannan ta shiga bi da bakin tsinke sili-sili, tana riƙe tushen da yatsu biyu, tana warware bakin. Dabbar ta lafe, zuciyarta tana bugawa a kan cinyar tsohuwar. Aka kira azahar, Iyatu ta tashi ta yi salla ta dawo. Sai da ta kwashe awa biyu da rabi kafin mashacin ya wuce daga sama har ƙasa ba tare da ya tsaya ba, bai kuma ɗebo abin da ya wuce sili goma ba.

Nan ya kamata ta tsaya. Amma wanda ya yi shekara ashirin yana wannan aiki ya san ba a barin gashin da aka tsefe aka shafa wa mai a sake, gobe ma sake dunƙulewa zai yi. Hannunta ne ya tsaga layi da kansa. Ta kama ƙananan kitso, shida a kowane gefe, ta ja su da kyau tun daga tushe yadda ake yi wa kan amarya don ya daɗe, ta tattara su a tsakiyar baya ta ɗaure shuku da baƙin zare. Sai da ta gama ta ga abin da ta yi. Ta kai hannu za ta warware, ta ji ƙarar mota a ƙofar gida.

Haifa ta shigo ko abayarta ba ta cire ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon abin da ke cinyar Iyatu.

"Khala, wannan mene ne?" Haka take kiranta da Larabci, wato inna.

Iyatu ta fara bayani da Hausa, ta koma Larabci, ta ce gashin ne ya ɗan harɗe, ta ce ba ta yanke ko sili ɗaya ba, ta ce yanzu-yanzu za ta kwance. Ba ta kai ƙarshe ba yarinyar ta durƙusa tana dariya har da hawaye. Ta zaro waya ta ɗauki hoto ta gaba, ta gefe, ta sama. Ta ce kada a taɓa, kada a kuskura a taɓa. Kafin la'asar ta shigo kicin sau uku tana nuna wa Iyatu fuskar wayar, wai mutum ɗari huɗu sun gani, wai dubu, wai har daga Riyad ana tambayar wa ya yi.

Bayan la'asar Majid ya leƙo kicin ɗin. Kakansa da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, shekara bakwai a hanya, amma shi Hausa ba ta fita daga bakinsa sai a kicin, in ba baƙo a gidan.

"Hajiya, sannu da aiki. Yarinyar nan tun rasuwar kakarta ban ji ta yi dariya haka ba. Gobe in na dawo daga azahar zan sabunta miki igama. Ƙawayenta za su zo da nasu da safe, ki yi musu irinsa."

Iyatu ce ta yi jinyar kakar nan shekara uku, ita ke juya ta, ita ke wanke ta, ita ta rufe mata ido. Ba a taɓa leƙowa kicin don wannan ba. Ta goge hannu a zanenta, ta ce Allah ya saka da alheri, ya ƙara rufin asiri.

Washegari da hantsi ta shiga ɗakin da ledar tattasai. Da jin motsin leda Sukkar ta fito da gudu tana tsuwa, kamar kullum. Lulu ba ta fito ba. Tana kusurwa a takure, ciyawar jiya tana gabanta ba ta taɓa ba.

Iyatu ta ɗauke ta ta kai gaban taga, ta ɗaga shukun ta duba tushen. Fatar ta ɗago ta bi kowane layi, ta yi ja. A gefen hagu, inda dunƙulen yake, ta tsage tana fitar da ruwa-ruwa. Ta san wannan. Ta gan shi a kan yaran da makitsan banza suka ja wa gashi, ta sha zagin masu yin sa. Amma yaro in ka ja masa yakan ce wayyo, ya sunkuyar da kai, uwarsa ta ce a sassauta. Wannan abin ba ya cewa komai, lafewa kawai yake yi, fatarsa kuma ba ta kai kaurin ta bayan kunnen jariri ba. Maganin ɗaya ne, kuma ta san shi: a kwance yanzu, a aske gefen nan iska ta shiga, a gaya wa mai shi a kai shi wurin likitan dabbobi.

Ta zauna ta sa tsinke a kitson farko na hagu. Ta warware shi har rabi, gashin ya saki, dabbar ta ɗan miƙe wuya. Sai ga muryoyi a tsakar gida, 'yan mata huɗu suna dariya, ana jan keji a kan tayil. Haifa tana kiran Khala, Khala, tana gaya wa ƙawayenta cewa tsohuwar 'yar Afirka ce ta gaske, a hannunta abin yake.

Iyatu ta dubi rabin kitson da ke tsakanin yatsunta. Azahar saura awa uku.

Ta mayar da shi, ta kitse har baki, ta cusa shi cikin zaren.

Da suka shigo ta riga ta miƙe tsaye, Lulu a ƙirjinta, gefen hagun yana manne da rigarta, babban yatsanta a kan wurin. Wayoyi huɗu suka ɗago a lokaci guda. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce a juyo musu ɗaya gefen. Iyatu ta ce nan ya fi kyau, hasken taga a nan yake. Ta mayar da dabbar kusurwarta ta ja ciyawa ta kare ta, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta buɗe gwangwanin man.

"Ta wa za a fara?" ta ce.