Zaƙami a Kwaɗon Tafasa

Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da wani taubashi a Zakka, Armaya'u, wanda ya san lokacin da nake kai abinci gona fiye da yadda ya san lokacin azahar. Da na sauke kwano a gindin marke sai ka gan shi ya ɓullo ta cikin dawa, ya riga ya wanke hannu. Shi ɗan namiji ne, maigidana ɗan mace, don haka bawa yake ce masa, kuma ba ya barin ko loma.

Wata rana da damina na yi kwaɗon tafasa da ƙuli mai yawa. Maigidan ya rantse yau shi zai ci abinsa. Ya je bakin tsohon garke ya karyo reshen zaƙami ya ɓoye a riga, ya ce in yi shiru.

Armaya'u ya zo, ya kai loma biyu. Sai maigidan ya zaro reshen, ya ɓata fuska.

"Mahfuza, ba wannan na ga kin tsinka ɗazu ba?"

Na sunkuyar da kai, dariya na cina. Maigidan ya juya wajen Armaya'u.

"Dubi furen, fari kamar bakin kakaki. Ga 'ya'yan da ƙaya. Wannan shi ya haukata awakin maƙwabcinmu Rilwanu bara. Aje kwanon nan, ka ruga gida a ba ka madara."

Armaya'u ya karɓi reshen, ya murza ganyen mai faɗi, ya shinshina, ya kau da kai don wari. Sannan ya tona kwaɗon da yatsa, ya ɗago ganye ɗaya, ɗan ƙarami mai zagayayyen baki. Ya daɗe yana kallonsa.

"Lallai guba ce," ya ce a hankali. "Ni dai na riga na ci, tawa ta ƙare. Amma kai bawana, ba zan bari ka sa yarinyar nan takaba ba."

Ya janye kwanon ya juya mana baya. Maigidan ya kai hannu, Armaya'u ya buge hannun.

"Bari in mutu ni kaɗai."

Ya cinye tas, ya suɗe, ya sha ruwan da na kawo, ya miƙe a inuwa ya ce in haukan ya zo a tashe shi.

Maigidan ya ɗauki fartanya ya koma kan kunyar gona da yunwarsa. Yana noma kafaɗunsa na rawa don dariya, har na kai bakin hanya ina jiyo shi.