Hayaƙin Injin Alhaji Lawal

A shekarar da gwamnati ta tattaro komatsanta daga Legas ta dawo Abuja, injin niƙan Alhaji Lawal ya daina hutawa. Garinmu Zuba, da ke bakin Abuja, ya cika da baƙi, kowa kuma sai ya ci tuwo. Ɗakin da muke haya taga ɗaya gare shi, kuma ita salansar injin, bututun da hayaƙi ke fita, ke kallo. In na goge wa 'yata Mashkura hanci, tsumman baƙi yake fitowa. Ko yaye ba a yi mata ba, amma numfashinta kamar ana busa sarewa.

Na toshe tagar da buhu, na jiƙa zani na rataya. A asibiti malamar ta ce, "Ki raba ta da hayaƙi." Mijina Badaruddeen direba ne, kullum yana hanyar Legas yana ɗauko kujerun ma'aikatu, don haka ni na je na tsuguna gaban Alhaji.

"Zaituna, inji ai da hayaƙi aka san shi," in ji shi. Amma ya yarda a kira Silas, makaniken da ya taɓa aiki da kamfanin hanya.

Silas ya kwance nozul, bakin da ke fesa mai a cikin injin, ya nuna mana. "Oga, wannan ba feshi yake yi ba, fitsari yake yi. Man gas ba ya ƙonewa duka, shi ya sa yake tari kamar kakana." Ya wanke, ya saita lokacin da man ke shiga. Sai ya ce in ana zuba sifirit kaɗan a cikin man, mai ƙarfi wanda ba ruwa a ciki, a girgiza sosai, hayaƙin zai ƙara raguwa.

Alhaji ya shafa gemu. "Sifirit ba ɗan'uwan giya ba ne?"

"Inji ne zai sha, oga, ba kai ba. Inji ba shi da alwala."

Alhaji ya yi dariya ya ce a gwada.

Wallahi hayaƙin ya koma fari-fari, siriri. Na cire buhun daga taga. Mashkura ta yi barcin rana har da miƙe ƙafa, ni kuwa na zauna ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka ba ƙara.

Ran kasuwa Silas ya dawo ya nuna wa Alhaji yadda ake awon. Ya duba bai ga mazubi ba, sai ya miƙa hannu ya ɗauki gwangwanin da ke rataye, wanda ake zuba wa markaɗe ruwa da shi. Ya auna, ya juye a jarka, ya mayar da gwangwanin ƙusarsa. Rekiya mai ƙosai tana layi da bokitin wakenta. Ta ɗauki gwangwanin ta sansana.

"Innalillahi! Alhaji, da giya kake mana markaɗe?"

Na ce, "Yaya Rekiya, a tankin mai ake zubawa. Gwangwani ne, a wanke shi, ko a jefar."

"Ke rufe mana baki! Don 'yarki na tari sai mu ci najasa? Su waye ba su yi tari ba suka girma?"

Kafin la'asar labari ya zama Alhaji na jiƙa masara da giyar ogogoro. Mata suka kwashe kwanukansu suka koma injin bayan tasha. Alhaji ya jefar da gwangwanin, ya wanke injin a gaban jama'a, ya rantse ya daina. Ba wadda ta dawo. Sukan tsaya daga nesa su kalli salansa, su ce, "Ga shi nan fari. Yana zubawa a ɓoye."

Sai ya sake kiran Silas.

"Mayar min da shi yadda yake."

"Oga, ka bar sifirit ɗin, ba komai. Amma saitin nozul ba ruwansa da giya. Ka bar wa yarinya wannan."

"Su baƙin hayaƙi suke son gani. Mayar."

Ina tsaye da Mashkura a baya Silas ya juya sifana, bai kalle ni ba. Injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi har kan shanyata. Rekiya ce ta fara ajiye bokiti. "Yauwa, alhamdulillahi. Yanzu muka ga na halal."

Na nemi wani ɗaki har garin Madalla. Ko shagon da ba ƙofa, ma'aikatan Legas sun riga ni.

Da Badaruddeen ya dawo na haɗa kayan Mashkura: rigunanta, maganin tari, ƙaramin kofinta. Na ce ya kai ta Zariya wurin Innata, a yaye ta can.

"Ai lokacinta bai yi ba," in ji shi.

"Na sani."

Na ba ta nono na ƙarshe a bakin titin Kaduna, nesa da injin. Da motar ta tashi na dawo, na ɗauki buhun na sake toshe tagar. Sai da na gama na tuna ba wanda nake toshe wa. Gaban rigata ya jiƙe, a waje kuma layin kwanuka ya kai har bakin masallaci.