Gudun Mu'az

Tun ranar da Mu'az ya shigo gida da farin takalmin kambas a leda hankalin Rahmatu ya ƙi kwanciya. Ɗanta ne na fari, haifaffen Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, yana gyaran rediyo a wani shago a Mokola, kuma bai taɓa jawo mata magana ba. Amma a daminar 1996 sai ya tsiri fita da an sallame asuba, ba ya dawowa sai hantsi, sharkaf da gumi.

Bai ɓoye mata ba. Ya ce gudun fanfalaki za a yi bayan damina, kilomita arba'in da biyu. Kowane mai gudu zai nemi waɗanda za su yi masa alkawari, in ya kai ƙarshe su ba da abin da suka ambata, a kai wa wani gidan marayu da ke bayan gari.

"In sadaka suke son yi, me ya hana su kai da kansu?" in ji ta. "Sai ka fasa ƙirjinka tukuna?"

"Inna, haka tsarin yake."

"Tsarin wa?"

Ya ce na Baba Adisa ne, wani Bayarabe da ya taɓa koyar da motsa jiki a makaranta. Shi ke horar da su, shi kuma zai tattara gudummawar.

Rahmatu ba ta fita, alkaki da dubulan take yi a cikin gida ana saye, amma labarin unguwa ba ya wuce ta. Maƙwabciyarta Amariya ta leƙo ta ce an ga yaron yana haura tudun Mokola a guje, wani mai usur na biye da shi a kan sabon babur. Ta ce ita dai a saninta, mai gudu da sassafe ko dai an koro shi ne ko kuma ya ɗauko wani abu. Rahmatu ta yi dariyar yaƙe, amma maganar sabon babur ɗin ta tsaya mata a rai.

Sai ta aika aka kira ƙanenta Babandi, mai sayar da albasa a Kasuwar Shasha.

"Yaron nan ya zo maka da maganar alkawari?"

"Ya zo, Yaya. Mu da dama mun amsa masa, don mun san shi."

"Shi kun san shi. Wanda zai karɓa fa?"

Babandi ya ce zai bincika. Bayan 'yan kwanaki ya dawo da abin da ya gano. Gudun dai da gaske ake yi, ya ga samari kusan goma, har da masu amai a bakin titi. Baba Adisa kuwa mutum ne mai fara'a, ya riƙe masa hannu yana ta kiransa Alhaji. Amma da ya tambaye shi wa ke riƙe da gidan marayun, sai ya kama zancen tsadar fetur.

Rahmatu ta nemi izinin mijinta, Malam Usman, ta yafa mayafi, Babandi ya raka ta har gidan marayun. Ta ga yara na cin garin rogo da ruwa, ta ga rufin ɗaki na yoyo. Matar da ke kula da su ta ce eh, wani Adisa ya taɓa zuwa da mai ɗaukar hoto. "Da yawa suna zuwa da mai hoto," ta ce, ta ci gaba da wanki.

Da yamma Rahmatu ta zaunar da Mu'az. Ya rame, farcen babban yatsan ƙafarsa ya yi baƙi.

"Ka bar gudun nan."

"Inna, ko Baba Adisa ɓarawo ne, yaran ai ba ƙarya ba ne. Kin gan su da idonki."

"Na gan su."

"To ki bar ni in yi. Na riga na ba mutane baki."

Ta daɗe tana kallon ƙafar tasa. Sannan ta ce zai yi, amma da sharaɗi. Duk wanda ya yi masa alkawari a Shasha, kada ya ba da ko kwabo. Mai wake ya ba da wake, mai shinkafa shinkafa, kawunsa kuma shi zai kai da hannunsa. Mu'az ya ce Baba Adisa zai ji haushi. Ta ce ai nan ne za a gane.

Ya kuwa ji haushin. Ya ce an raina shi, ya daina yi wa Mu'az magana a wurin horo. Sauran makonnin Mu'az shi kaɗai ya riƙa gudunsa, daga Sabo ya miƙa hanyar Shasha ya dawo. Kullum Rahmatu na ajiye masa kunun gyaɗa da ruwan zafi na gasa ƙafa, ba tare da ta daina mita ba.

Ranar tseren Babandi ya je kallo. Ya ce tun wajen rabin hanya cinyar Mu'az ta riƙe, ya koma tafiya yana ɗingishi, masu okada na yi masa tayin hawa yana girgiza kai. Lokacin da ya iso, an fara kwance rumfa. Amma ya iso.

Washegari 'yan Shasha suka cika bayan wata motar a-kori-kura da buhuna, wani ma ya ƙara da kwanon rufi. Mu'az ya zauna a kan kayan don ba ya iya tsayuwa, aka tafi.

Abin da sauran samarin suka tara ta hannun Baba Adisa kuwa, har yau maganar ba ta zo ɗaya ba. Wasu sun ce ya kai, wasu sun ce rabi ya kai. Mu'az ya so ya koma ya tambayi matar gidan, Rahmatu ta hana shi. Ta ce in Baba Adisa ya kai, sun ɗauki alhakinsa, su nemi gafarar Allah. In bai kai ba, Allah na nan.