Ruwan Gindin Tsamiya

Da la'asar ne, ana zafi mai nauyi, hadari ya haɗo ta wajen Diko amma ya ƙi zubowa. Ina tsaye bakin rijiyar da yayana Ɗantala yake haƙa a tsakar gidanmu na unguwar Wambai, ni nake jawo masa bokitin ɓaraguzan dutse. A shekarar ce aka ce za a ɗauki sunan garinmu Abuja a ba sabon birni.

Kafin Baba ya rasu ya taɓa nuna gindin tsamiyar gidan, ya ce akwai ruwa a nan. Cikin hira ya faɗa, ina wurin. Yaya kuwa ya riƙe maganar kamar wasiyya. Masu haƙar rijiya suka zo suka duba, suka ce dutse ne shimfiɗe a ƙasa, ya kore su. Ya bar gona, ya daina zuwa kasuwa. Duk wanda ya ce babu ruwa, a ganin Yaya ya ƙaryata Baba ne. Mutumin da a da yake saɓa 'yarsa Daso a kafaɗa ya zaga unguwa, ranar da ta jefa tsakuwa a ramin sai da ya mare ta.

Matarsa Sailuba ta fito da ƙunshin kayanta, Daso na riƙe da bakin zanenta. Ta leƙa ramin.

"Baban Daso, zan koma gidanmu Lambata. Ka fito mu yi magana. In ka fito na fasa."

Muryarsa ta taso daga ƙasa. "Wurin ya fara sanyi. Wallahi na ji danshi a hannuna."

"Haka ka ce bara."

"Isiyaku, sako bokiti!"

Na ce, "Yaya, tafiya fa za ta yi."

"Kai ma ka bi bayansu? Sako na ce."

Ƙarar diga ta ci gaba da tasowa daga ramin. Sailuba ta ajiye ƙunshin, ta ɗauki tulu ta nufi rafi. Na zaci ta fasa, har na ji sanyi a raina. Ta dawo ta cika randa, ta rufe da faifai, ta ɗebo a kwano ta miƙo mini. Sannan ta ɗora kayanta a kai, ta ja hannun Daso suka fita.

Na sa kwanon cikin bokiti, na zura masa a hankali don kada ya zube. Ya shanye, bai tambayi wanda ya ɗebo ba.