Wa Ya Sha Nonon Wa

A shekarun da soja ke mulki, ƙungiyar danginmu ta Omdurman ta samu kwamfuta guda ɗaya tal. Shugabanta, Malam Mika'ilu, ya ce a zuba asalin kowane gida a ciki tun daga kakannin da suka yi noman auduga a Jazira. Wanda tsarinsa ya fi, shi zai riƙe ta.

Yara biyu suka tsaya, Nabila da ɗan baffanta Muhajir, dukansu suna karatun kwamfuta a Khartum. To, ka san ɗan'uwa da ɗan'uwa.

Ita Nabila, kowane mutum ta ajiye shi ɗungurungum, da sunansa da garinsu, da igiyar da ta ɗaure shi da iyayensa. Ta taɓa sunan tsohuwa Nagoggo, sai ga uwarta, sai ga kakarta, har garin Sennar, kafin gahawar da ke cikin jabana ta huce. Dattawa suka ɗau salati.

"Wallahi kamar na ga mahaifiyata!" in ji Nagoggo.

Muhajir kuwa jadawali ya yi. Sunaye a nan, aure a can, haihuwa a wani wurin, lamba ce ke haɗa su. Kafin ya tattaro kaka ɗaya, Malam Mika'ilu ya yi hamma. Wata guda yaron yana jin ana Nabila, Nabila, har a motar kasuwar Suk al-Arabi.

"Ya ustaza," ya ce wa Nabila ran da aka sake zama, yana murmushin da bai kai ciki ba, "nuna mana duk waɗanda suka sha nonon mace ɗaya. Ai kafin a ɗaura aure abin da ake fara tambaya ke nan."

Nabila kuwa ba ta yi wa shayarwa igiya ba.

"Sai na sake fasalin mutum gaba ɗaya, Baba," ta ce wa Malam. "A ba ni lokaci."

"Lokaci? Matsa, ƙanwata," in ji Muhajir.

Nan take ya ƙara jadawali ɗaya, mai shayarwa da wanda ya sha. Nagoggo na faɗa yana bugawa, ya yi tambaya, amsa ta fito. Malam Mika'ilu ya ce wannan shi zai hana ɓarna, ya miƙa wa Muhajir makullin ɗakin kwamfuta.

Muhajir ya riƙe makulli yana jiran a yaba. Sai Nagoggo ta dafa kafaɗarsa.

"Barakallahu, jikana. Amma kar ka goge na yarinyar nan. Ran Juma'a zan kawo ƙawata Indo ta ga uwarta."

Haka aka yi ta yi. Shi ke buɗe ɗaki, shi ke share ƙura, tsofaffi su shigo su ce, "Ya waladi, ɗana, kunna mana na Nabila."